Nazarin Lamari: Mai Aikin Sa-kai da Matar da Mijinta Ya Shaƙe

Wannan lamari ya shafi mata biyu. Ɗaya matar aure ce da mijinta ya shaƙe ta. Ɗaya kuma malamar makaranta ce da ke ba da yammacinta kyauta a wata cibiyar taimakon matan da aka ci zarafinsu, cibiyar da ke da ɗan ɗaki a cikin asibiti. Ni ce nake kula da masu aikin sa-kai a wurin. Na rubuta lamarin ne saboda sababbin da ke shigowa aikin, da izinin matar, bayan na cire duk abin da zai sa a gane ta. Na zaɓe shi ne domin babu abin al'ajabi a cikinsa: ba a kama kowa ba, ba a shiga kotu ba, ba wanda ya yi jarumta. Irinsa ne mai aikin sa-kai zai fi cin karo da shi. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma akasari daga mijinta ne ko wanda take tare da shi.

Yadda ta zo

Shekarunta talatin da 'yan kai, 'ya'yanta uku, auren ya haura shekara goma. Ta zo asibiti da yamma, ƙanwar mijinta na biye da ita. Ta ce wa nas mura ce ta kama mata maƙogwaro. Nas ta duba: babu zazzaɓi, babu tari, amma muryar a dishe take, tana yamutsa fuska duk lokacin da za ta haɗiyi yawu, kuma a farin idonta akwai ƙananan ɗigo-ɗigon ja. Duk tambayar da aka yi mata, 'yar rakiyar ce ke riga ta amsawa.

Nas ba ta tambayi komai a gaban ƙanwar mijin ba. Ta rubuta gwajin fitsari, ta ce mutum ɗaya ne ke shiga, ta tura 'yar rakiyar ta kama layin karɓar magani. Wannan dabara tana cikin littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2014: kada a ɗauko maganar duka sai mace tana ita kaɗai, ko da wadda ke tare da ita mace ce, don tana iya zama uwa ko 'yar'uwar mai dukan. Daga ɗakin gwaji aka biyo da ita ta ƙofar baya zuwa wurin malamar.

Malamar ta bar ta ta zaɓi wurin zama. Ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

"Yaya, kafin ki ce komai, bari in gaya miki iyakar sirrin da zan iya riƙe miki. Abin da kika faɗa min ba zai je kunnen mijinki ko danginsa ba. Shugabata kaɗai zan gaya wa, don ta taya ni tunani. Amma idan na ji yaro yana cikin haɗari, doka ta ɗora min in sanar. Ko a nan ma, ke zan fara gaya wa."

"Malama, ni fa ba ƙara na kawo ba."

"Na sani. Ba wanda zai kai ƙara a bayan idonki."

Aka yi shiru mai tsawo, malamar ba ta cika shi da surutu ba. Sababbin masu aikin sa-kai a nan suke yawan tuntuɓe, domin shiru yana yi musu nauyi, sai su jero tambayoyi goma. Ita tambaya ɗaya ta yi: "Akwai wanda ya sa miki hannu a wuya?"

Matar ta ɗora tafin hannunta a ƙasan haɓarta. "Jiya da daddare ne. Na ce masa ba ni da lafiya. Ya danne ni a nan da hannu ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauke ba. Da na farfaɗo na tarar na yi fitsari a kwance, shi kuma ya yi abin da zai yi." Ta ɗan tsaya. "Ko ihu ban yi ba, Malama. Ban ture shi ba. Ko motsi ban yi ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi ci mata rai, kuma mun sha jin ta daga bakin mata da yawa. Malamar ta ce mata: "Ba ke kika zaɓi haka ba. Idan tsoro ya kai maƙura, jiki da kansa yake sandarewa. Ba yarda ba ce, kuma ba laifinki ba ne." Ba lallashi kawai ta yi ba, gaskiya ta faɗa. A wani bincike da aka buga a Suwidin a 2017, kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa bayan an yi musu fyaɗe, kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi ko magana.

Abin da ba ya jira

Mai aikin sa-kai ba likita ba ce, amma dole ta san abubuwan da ke da wa'adi, domin mace tana iya fita daga ɗakin nan ba ta sake samun damar dawowa ba sai bayan wata guda.

Na farko shi ne wuyan. Babu shatin yatsa ko ɗaya a fatarta, kuma wannan ba ya nuna komai. A wani nazari da aka buga a 2001 kan ƙararrakin shaƙewa 300 a San Diego ta Amurka, rabin waɗanda aka shaƙe ba su da wani rauni da ido ke gani. Ɓarnar a ciki take: kumburin maƙogwaro da kan iya tasowa bayan awanni, ko rauni a jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Dishewar murya, wahalar haɗiya, ɗigon ja a ido, suma, sakin fitsari, kowanne daga cikinsu ya isa a koma wurin likita, ita kuwa duk ta haɗa su. Da izininta malamar ta kira likita ya zo ɗakin, maimakon a sake fita da ita ta gaban 'yar rakiya. Ya duba ta, ya rubuta abin da ya gani da abin da ta faɗa da kalmominta, ya so ya kwantar da ita a ga yadda za ta kwana. Ta ƙi, saboda yara. Sai ya lissafa mata alamomin da in ta ga ɗaya ta dawo ko tsakar dare ne.

Na biyu, magungunan da ke da awanni ƙidayayyu. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki har zuwa kwana biyar, amma gwargwadon saurin shan ta gwargwadon amfaninta. Ta ce tana so, ta sha a wurin. Maganin kariya daga ƙanjamau, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a sha shi kwana 28 ba fashi. Ta gaya wa likita cewa sau biyu ana yi mata maganin ciwon sanyi, mijin kuma ya ƙi zuwa gwaji. Aka yi mata gwaji, aka ba ta maganin.

Sai ga matsalar da ba likita ke warware ta ba: ina za ta ajiye kwalbar magani har kwana 28 a gidan da ake bincike mata jaka? Malamar ba ta ba ta amsa ba, tambayar ta mayar mata: "Wa kika yarda da shi a kusa da ke?" Akwai wata maƙwabciya, dattijuwa, da take shiga gaishe ta kowace safiya. A can kwalbar ta zauna har maganin ya ƙare.

Tambayoyi shida

Littafin jagoran nan na 2014 ya kawo tambayoyi shida na auna haɗari. Shin dukan ya ƙaru ko ya tsananta a wata shida da suka wuce? Ya taɓa amfani da makami ko yi miki barazana da shi? Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa dukan ki kina da ciki? Yana da zafin kishi da ba ya sauka? Kina jin zai iya kashe ki? Wadda ta amsa e ga uku ko fiye tana iya kasancewa cikin babban haɗari nan kusa.

Ta amsa e ga huɗu. Makami ne kawai ta ce a'a. Da aka zo tambayar kisa, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Uban 'ya'yana ne."

Malamar ta nemi uzuri ta fito baranda ta kira ni, muryarta na rawa. "Anti, wallahi ba zan bar ta ta koma gidan nan ba. Mu kira 'yan sanda yanzu, ko in tafi da ita gidana."

Na fahimci zuciyarta sarai, kuma duk wanda bai taɓa jin haka ba bai daɗe a aikin ba. Amma na ce mata a'a, kuma ga dalilaina. Matar nan ta shekara goma wani yana yanke mata inda za ta je, da wanda za ta gaisa da shi, da lokacin da za ta kwanta. Idan mu ma muka tsare ta muka yanke mata, mun zama mutum na gaba da ya ƙwace mata ragamar rayuwarta, sai dai mu da murmushi. Bayan haka, 'ya'yanta uku suna gidan. Sannan fita ba tare da shiri ba ita kanta haɗari ce. Binciken da Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka buga a 2003, kan kisan mata a birane 11 na Amurka, ya gano cewa idan miji mai tsananin mallaka ne kuma matar ta rabu da shi, haɗarin kisa yana ninkuwa kusan sau tara. Jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ma ba su goyi bayan tilasta wa ma'aikacin lafiya ya kai rahoton babbar mace ga 'yan sanda ba tare da yardarta ba. Abin da suka ce shi ne a yi mata tayi, in ta so a taimaka mata ta kai.

To amma akwai inda nake saɓawa da wasu masu horarwa. Suna koyar da mutunta zaɓin mace har ya koma kame baki, mai aikin sa-kai ta zauna tana gyaɗa kai, matar ta fita ba ta san girman abin da ke kanta ba. Wannan ba mutuntawa ba ce. Ba a zaɓi a cikin duhu. Na ce wa malamar ta koma ta gaya mata gaskiya ƙarara, sannan ta bar mata hukunci.

Ta koma ta ce: "Yaya, ina jin tsoro a kanki, kuma ba zan ɓoye miki ba. Masu bincike sun gano cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta ya ninka na sauran matan da ake duka fiye da sau bakwai. Akwai wurin da za ki iya kwana yau, ke da yara, in kina so. In kuma gida za ki koma, mu shirya yadda za ki koma." Adadin daga binciken Nancy Glass da abokan aikinta ne na 2008.

Ta ce gida za ta koma. Suka yi shirin cikin gaggawa, don layin magani ba ya dawwama. Ba a ba ta ko takarda ɗaya ta cibiya ba. Lambar cibiya, ba lambar malamar ba, ta shiga wayarta da sunan malamar makarantar yara, kuma aka yi alkawari ba za mu taɓa fara kira ba. Idan rigima ta taso, ta guji kicin da banɗaki, ta matsa wajen ƙofar fita. Takardun haihuwar yara da katin shaidarta su koma gidan dattijuwar ɗaya bayan ɗaya, ba a rana guda ba. Idan ta aiki babbar 'yarta ta karɓo aron cajar waya, dattijuwar ta san ma'anarsa: ta tara mutane su buga ƙofa. Yaran kuma a koya musu kada su shiga tsakani, su fita su kira wani. Likita ya rubuta mata ranar dawowa duba maƙogwaro, wanda gaskiya ne, kuma ya zama hujjar fita.

Maganar sulhu

Bayan mako uku ta kwashi yaran ta tafi gidan yayanta. Nan da nan dangi suka taru, maganar da aka saba ta fito: ta yi haƙuri, ta duba yara, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wani kawunta da ya ji labarin akwai wata malama da ke taimaka mata ya aiko a gayyace ta zaman sulhu. Malamar ta so zuwa, a ganinta za ta zame wa matar baki.

Ba mu bar ta ta je ba. Sulhu yana amfani ne tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa a'a ba tare da tsoro ba. Macen da ta san watakila daren nan za a rufe ƙofa da ita da mutumin da ke gabanta ba za ta faɗi abin da ya faru ba. Kuma irin wannan zama kusan kullum da rabon laifi yake tashi: shi ya daina duka, ita ta daina ɓata masa rai, kamar dai shaƙewa da jinkirin amsa kira abu ɗaya ne. Ba banza ba Yarjejeniyar Santambul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don kare mata daga cin zarafi, a sashe na 48, ta haramta tilasta sulhu a shari'o'in cin zarafin mata. Ga kuma wani abu: ranar da miji ya ga fuskar malamar, lambar da ke wayar matarsa ta tashi daga aiki, malamar kanta kuma ta shiga haɗari.

Sai dai kuskure ne mai aikin sa-kai ta ɗauki dangi a matsayin abokan gaba. Ga mata da yawa, su ne kaɗai mafakar da za ta daɗe bayan cibiya ta rufe fayil. Da yardar matar, malamar ta gana da yayan shi kaɗai a asibiti, likita ya yi masa bayanin abin da suma da sakin fitsari suke nufi ga wanda aka riƙe wa wuya. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni na ɗauka mari ne." Ba wanda ya taɓa gaya masa, ita ma kunya ta hana ta. Daga ranar ya ce ƙofarsa a buɗe take kowane lokaci, kuma ba shi ne zai mayar da ita ba.

Ta koma

Duk da haka, bayan kamar wata ɗaya da rabi ta koma. Makarantar yara ta yi nisa, gidan yayan ya yi musu kaɗan, ba ta da abin hannunta, mahaifiyarta na kuka, mijin ya zo ya durƙusa ya yi rantsuwa. Kuma, abin da masu aikin sa-kai ba sa son ji, tana son sa har yanzu.

Malamar ta zo ofishina ranta a ɓace. "Anti, duk wahalar nan a banza kenan?" Na ji daɗi da a gabana ta zubar da fushin, ba a gaban matar ba. Da matar ta kira tana kame-kame, tana cewa ta san ta ba mu kunya, malamar ta ce mata: "Ba ki ba kowa kunya ba, Yaya. Lambar tana nan. Takardun su zauna inda suke. Mu sake duba shirinmu." A ganina wannan ce magana mafi amfani da ta faɗa a duk lamarin. Macen da ta ji an yi fushi da komawarta ba ta sake kira, ko da abin ya fi na da muni, domin ta ƙara mutum ɗaya a jerin waɗanda take jin kunya.

A wannan tsakanin ne na lura malamar ta rame. Ba ta barci sosai, tana duba wayar cibiya ko ranar da ba aikinta ba, ta fara kallon kowane mijin ƙawarta da zargi. Masana halayyar ɗan'adam McCann da Pearlman sun bayyana wannan tun 1990: mai sauraron labarin azaba yau da gobe, yadda yake ganin duniya kan sauya. Muka rage mata lamurra, muka haɗa ta da wata tsohuwar hannu, muka sa zama kowane mako. Dokokin da ta ɗauka tsauri ne a farko, wato ba a ba da lambar kai, ba a ba da kuɗin aljihu, ba a kai mace gidan kai, sai a lokacin ta ga ita suke karewa.

Inda lamarin yake

Bayan wata huɗu matar ta kira daga gidan dattijuwar. Ya sake ɗaga hannu, babbar 'yar ta shiga tsakani duk da abin da aka koya mata, dukan ya sauka a kanta. A nan iyakar sirrin da aka faɗa mata ranar farko ta zo. Malamar ta tuna mata, ta ce za a sanar da ofishin kare yara, ta tambaye ta ko tana so a yi a gabanta. Ta ce tana so, kuma da bakinta ta yi bayani. Yanzu tana gidan yayanta, ta koma ɗinkin da ta bari tun farkon aure, ta karɓi kwafin rahoton likita ta kai wa lauya. Ba ta yanke shawara kan ƙara ko rabuwa ba. Muna ɗaukar wannan lokaci a matsayin mafi haɗari: an sanar da makaranta wanda aka yarda ya ɗauki yara, ta sauya layin waya, ba ta fita ita kaɗai.

Akwai abin da har yau ba mu daidaita a kansa ba ni da malamar. Ita tana ganin macen da aka shaƙe har ta suma ta riga ta shiga haɗarin rai, don haka ya halatta a sanar da hukuma tun ranar farko ko ba ta yarda ba. Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A Birtaniya akwai zaman haɗin gwiwa na 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da masu taimakon mata, wanda aka fara a Cardiff a 2003, inda ake iya tattauna lamarin da ya fi haɗari ko da matar ba ta amince ba, kuma tun 2022 shaƙewa laifi ne mai zaman kansa a Ingila da Wales. Ga kuma alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya: a 2023 mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne mazajensu ko danginsu suka kashe a faɗin duniya. Ni kuma ina ganin irin wannan mataki yana kare mace ne kawai a inda akwai abin da zai biyo bayansa, wato mafaka a daren, da umarnin kotu da za a aiwatar, da jami'in da zai zo in an kira. Inda babu waɗannan, rahoto ba ya haifar da komai sai mijin ya san ta yi magana.

Abin da muka amince a kai shi ne tsarin aiki. Duk macen da ta ce an sa mata hannu a wuya, likita zai gan ta kuma mai kula da masu aikin sa-kai za ta ji labarin kafin ta bar harabar asibiti, sannan a rubuta mata ranar dawowa cikin kwana biyu.